Fure Uku a Hular Ba Ajimi

"Dusuman kuma? Yau?" na ce. "Ya Kellu, ƙarfe biyu ta wuce, shida ake rufe gari."

"Hajara, ki je," ta ce. "Ba zan kai jibi ba."

Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakanina da ita a unguwar Limanti, kuma ban taɓa ganin mai wahalar da kanta irin matar nan ba. In ta aiko mana da miya, sai ta biyo bayan kwanon tana ba da haƙuri, wai gishiri ya so ya yi yawa. Ta taɓa wuni tana kuka don ta kira baƙuwata da sunan da ba nata ba. Ɗinkin hula ne sana'arta, har daga unguwar Shehuri ake zuwa nemanta. Da ciwon ƙoda ya kwantar da ita, sai ta sa aka kira mata 'yan unguwa ɗaya bayan ɗaya ta nemi yafiya. Saura mutum ɗaya.

Shekara huɗu da suka wuce ta ɗinka wa wani manomin ƙauyen Dusuman, Ba Ajimi, hula. Koren zare ya ƙare mata ranar da harbe-harbe suka rufe kasuwa, sai ta ƙarasa fure uku da wani koren da ya ɗan fi haske. Ba ta gaya masa ba.

"Ha'inci ne," ta ce tana haki. "Ki nuna masa wurin da yatsa. In bai gani ba, me zai yafe?"

Wallahi haushi ya kama ni. Gari ana kashe mutane ba a ko waiwaye, ita kuma zare ne ya hana ta sakat. Amma an katse layukan waya, kuma ba ta da kowa sai ni. Na yafa mayafi.

Shingen sojoji uku muka wuce, ni da direban keke mai ƙafa uku da na ɗauka. A kowanne sai mun sauka daga keke mun taka da ƙafa, hannu a sama. Ana kiran la'asar na tarar da Ba Ajimi a ƙofar gida yana sa wa fartanya ƙota. Na yi masa bayani, ya dube ni kamar mai taɓin hankali.

"Wace hula, 'yata? Ai ta ƙone tare da ɗakina bara, ranar da yaran nan masu bindiga suka shigo." Ya goge ido da hannun riga. "Ki ce mata na yafe, duniya da lahira. Ban taɓa sa hula irin tata ba."

A hanyar dawowa, a shingen ƙarshe wani soja ya riƙe mu yana ta juya takardun direba, ni kuma ina kallon rana tana faɗuwa. Daga bakin titi da gudu na ƙarasa, takalmi a hannu.

Na same ta ta damƙe zanin gado da hannu ɗaya, idonta a kan ƙofa.

"Ya yafe, Ya Kellu. Duniya da lahira."

"Kin nuna masa?"

Na matsa kusa da gadon. Wannan matar ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, ko ta wasa.

"Na nuna."

"Ya gani?"

"Sai da ya ɗaga ta a rana. Ya ce lallai furen nan uku sun ɗan fi haske."

Sai ta yi murmushi, irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Ai na gaya miki," ta ce.

Har yau ƙaryar nan tana cina, ban kuma san wajen wa zan nemi yafiyarta ba. Na zauna a gefenta ina maimaita mata kalmar shahada, motar sintiri na wucewa a waje. Kafin a kira magariba yatsunta suka saki zanin, hannun ya kwanta a buɗe.