Shaidar Gwaggo Balaraba

A unguwar Badariya ta Birnin Kebbi aka haifi Riskuwa, a nan aka binne cibiyarta, a nan ta yi rarrafe har ta gama karatun jinya. In a Birnin Kebbi ne, ko ido rufe ba ta ɓata. Amma da aka buɗe ɗaukar aikin asibiti, aka ce kowa ya kawo takardar shaidar asalinsa kafin Alhamis, sai ga magana ta canja.

“Haihuwa dai anka yi miki nan,” in ji malamin ofishin ƙaramar hukuma, bai ko ɗaga kai ba. “Tsohonki mutumen Argungu na. Tahi can.”

Mahaifin nata, Tamba, ya rasu tana goye. Ita Argungu ba ta san ta ba sai a bakin masu tallar kifi. Haka ta hau mota ranar Laraba.

A Argungu, mai unguwa Hodi ya karɓe ta da mutunci, har da ruwan randa. Ta durƙusa ta faɗi sunan uba da na kaka.

“Ɗiyata, ba ƙi nika yi ba,” ya ce. “Gidan ga da kika hwaɗi, ruwa ya cinye shi tun ban yi gemu ba, mutanen sunka watse. Kawo min mutum guda da yas san ku, in sa hannu yanzu.”

Aka yi ta lissafin tsofaffi, wannan ya rasu, wancan ya rasu. Saura Gwaggo Balaraba, maƙwabciyar gidan su Tamba ta dā, wadda tsufa ya taɓa wa hankali. Mai unguwa da kansa ya raka ta, bironsa a hannu.

Tsohuwar na zaune a tabarma. Ta kamo fuskar Riskuwa da hannu biyu, ta ƙura mata ido, sai hawaye.

“Goshin Tamba na! Wallahi jininshi ta!”

Riskuwa ta fashe da kuka. Tunda take, ba wanda ya taɓa ganin ubanta a fuskarta.

“Gwaggo, maimaita mai unguwa shi ji da kyau,” ta ce.

Tsohuwa ta saki fuskar, ta dubi mai unguwa, ta dawo ta dube ta.

“Baƙuwag ga daga ina take? Ku ba ta ruwa mana.”

 A hankali mai unguwa ya mayar da biron aljihu.