Sunan Ɗan Fari a Gaban Alƙali

Ita dai Batulu ba aurenta ne ya mutu ba, amma a kanta aka yi makokin.

Ɗanta na fari, Sadisu, direban bas a unguwar Kudai ta Makka, shi ya saki matarsa Ghada, haifaffiyar Makka. Idda ba ta cika ba gogan ya sungumi firijin da Ghada ta saya da guminta, ya dire a ɗakin uwarsa a unguwar Misfala, ya sulale Jidda. Batulu ba ta tambayi ba'asi ba, ta cika shi da zoɓo tana sayar wa alhazai.

Ghada ta kai ƙara. Kotu ta yi umarni wadda firijin ke hannunta ta zo ta faɗi wanda ya kawo mata.

To fa! Batulu tun hajjinta ba ta koma gida ba, kuma ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Burinta ɗaya a duniya, ta mutu a Makka a sallace ta a Harami.

"Kada ki je, Yaya," in ji maƙwabciyarta Maijidda.

"In ban je ba 'yan sanda za su zo, su kwashe mu duk gidan."

Ta je. Alƙali sauri yake, ko takarda bai nema ba. Tafinta, wani ɗan Makka mai guntuwar Hausa, ya ce, "Hajiya, wa ya kawo firiji? Suna kawai, ki tafi."

"Wancan."

"Wancan wa?"

"Yaron nan dai."

Batulu ta ja mayafi ta rufe baki. Tun ranar suna ba ta taɓa kiran sunan nan ba, ko a ɗaka, balle a gaban maza. Ɗan fari ne fa. Uwar da ta san kunya ba ta yi.

Ghada da kanta ta matso, ido ya ciko, ta kira ta inna da Larabci. "Ya Hala, ki ce Sadisu, shi ke nan! Firijina kawai nake so."

Leɓen Batulu ya motsa. Sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya.

Tafinta bai san wata alkunya ba. Ya juya ya ce da Larabci, "Ta ƙi faɗa."

Nan alƙali ya ɗago ya dube ta da kyau, ya ce ta miƙo iƙamarta.

Bayan la'asar aka sa ta a motar mayar da marasa iƙama ƙasashensu. Maijidda ta biyo da ƙullin kayanta tana haki, ta tarar motar ta riga ta hau titi.