Surukin Mai Ɗori

Ni 'yar Malam Salihu mai ɗori ce, na Dala. Tun ina yarinya nake ganin ana shigo da mutane zaurenmu ranga-ranga, bayan 'yan makonni su dawo da ƙafarsu suna godiya. Saboda haka ranar da ƙarfen inji ya faɗo wa maigidana Ɗayyabu a ƙwauri, a kamfanin robobin da yake aiki, abokan aikinsa ba su tsaya shawara ba. Suka saka shi a adaidaita sahu, suka wuce asibitoci iya asibitoci, suka sauke shi a ƙofar gidan Baba. A ganinsu gata suka yi masa, tunda surukin mai ɗori ne.

Baba ya ja ƙafar, ya shafa man shanu, ya jera karare ya ɗaure, ya yi tofi. Akwai rauni a buɗe a kan karayar, ya barbaɗa masa garin magani. Maigidan ya kawar da kai ya daure. Shi da ma tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa haɗa ido da Baba ba, in ya hango shi a lungu sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

Washegari Malam Nazeer, mai kula da harkar ma'aikata a kamfanin, ya zo dubiya har gidanmu na Ƙofar Kabuga. Ina bayan labule ina jin su.

"Malam Ɗayyabu, a bakin aiki ka ji ciwon nan, kuma kamfani ya yi muku rajistar diyyar ma'aikata," in ji shi. "Hoto, gado, magani, ko tiyata ce ta kama, ba kai za ka biya ba. Haƙƙinka ne, ba alfarma ba. Ka tashi mu tafi asibiti."

"Na gode, yallaɓai. Baba ya riga ya ɗora."

"To a bari likita ya duba mana?"

"In kwance ɗaurin Baba? Da wane ido zan dube shi?"

Da baƙon ya tafi na fito na yi ta masifa, na ce ƙafar dama dai ɗaya ce a jikin mutum, ba a sayar da ita a kasuwar Kurmi. Ya ce to ni in je in gaya wa Baba. Wace 'ya ce za ta tsaya gaban ubanta ta ce masa sana'ar da ya gada ba ta isa mijinta ba? Gaba kura, baya sayaki. Sai muka zauna, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya yi rashin kunyar.

Kullum da hantsi Baba zai zo ya tsaya daga bakin ƙofa, don shi ma ba ya shiga ɗakin 'yarsa. "Yaya ƙafar?" Maigidan zai ja zane ya rufe ta, ya sunkuyar da kai ya ce, "Da sauƙi, Baba, alhamdu lillahi." Sauƙin me! Yatsun sun kumbura sun fara baƙi, zazzaɓi yana kaɗa shi, abinci ya gagara. Ni kuwa na koma kunna turaren wuta safe da yamma don in ɓoye warin ciwon, maƙwabta har tsokanata suke yi wai amarci ya dawo.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Wata Laraba gawayina ya ƙare, Baba ya zo ban kunna turaren ba. Ya yi sallama, ya tsaya, na ga hancinsa ya motsa. Bai tambayi jiki ba. Ya ɗaga labule ya shiga, ya yaye zanen da kansa, ya yanke ɗaurin da 'yar wuƙarsa. Ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Mardiya, kira mai adaidaita."

Shi ya tallafi maigidan ta lungun nan namu mai tsawo, mutane suna zaune a dakali suna kallo. Wani ya ce, "Malam, ina zuwa haka?" Baba ya ce, "Asibiti," da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ni ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malam Nazeer ya same mu a can, ya yi magana da su, aka karɓe mu ba a nemi ko sisi ba. Likitan, wani matashi da bai san mu ba, ya duba ƙafar ya ɓata rai.

"Wane ne ya ɗaure buɗaɗɗen ciwo haka?"

Maigidan ya yi carab ya ce, "Wani ne can a ƙauye."

"Ni ne, likita," in ji Baba.

An ceto ƙafar, amma sai da aka cire yatsu biyu. Likitan ya ce da an zo da wuri da ba a kai ga haka ba. Bayan tiyatar Baba ya zauna a gefen gadon, ya tambayi maigidan me ya hana shi faɗa.

"Kunyarka na ji, Baba."

Baba ya juyo gare ni. "Ke ma?"

Na rufe fuska da mayafi.

"Ashe kunyata har yatsun mutum take ci," in ji shi a hankali.

Yanzu maigidan ya koma aiki, yana ɗan ɗingishi. Jiya ina tsaye a soro na hango su za su haɗu a lungu. Maigidan ya fara laluben takalminsa zai tuɓe kamar kullum, ga ƙafar nan za ta fito fili. Sai na ga Baba ya sunkuyar da kai, ya juya, ya bi ta wani lungun.