Shinkafar da Ba a Wankewa

Ranar Litinin likita ta ba mu wa'adi zuwa yammacin Juma'a. In maigidana bai fara cin abinci da bakinsa ba, za su zura masa roba ta hanci, su mayar da shi wani gidan jinya da ke bayan gari, inda sai an hau bas uku kafin a kai. Ni da nake aiki kwana shida a mako, ke nan ranar Lahadi kaɗai zan riƙa ganinsa. Ta faɗa a hankali, ta sake maimaitawa, don ta san yaren ƙasar nan daidai na aiki nake ji: ninke, goge, yi sauri. Na ce to. Ta tsaya tana kallona ko zan yi kuka, ni kuwa hankalina yana kan wani maɓallin rigarta da ya kusa tsinkewa.

Haka nake tun ranar da ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Sati uku ban yi kuka ba, ban yi dariya ba. Ina cin abinci ne don lokacin ci ya yi. Ko tsoro da ya kamata in ji, na neme shi a raina na rasa.

Abincin asibitin wani niƙaƙƙen abu ne, kala uku a faranti ɗaya, kore da rawaya da fari, kamar an zuba fenti. Da an kai cokali bakinsa sai ya juya fuska bango. Amma a yammacin Litinin ɗin, da nas ta gaji da lallashi, sai ya ɗaga hannun hagu yana murza babban yatsa da manuniya.

Nas ɗin ta ce, "Kuɗi yake tambaya?"

Na ce, "A'a. Shinkafa."

Na san wannan murzar fiye da yadda na san tafin hannuna. Shekara ashirin da biyu duk lokacin da na ajiye masa shinkafa sai ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya murza kafin ya sa cokali. A satin farko na aurenmu na taɓa cika mata ruwa, ya murza, ya ce "Ta caɓe," a gaban yayarsa, ya ture kwanon. Yayar ta yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar na rantse ba zai sake faɗin wannan kalma a kan girkina ba, bai kuma sake ba. Shinkafata wara-wara take sauka, in ka so ka ƙirga ta.

Nas ta ce an yarda in kawo abinci daga gida, amma shinkafa dai sai wadda aka sauke yanzu-yanzu, ba su karɓar wadda ta wuni. Ko da sun karɓa ma, mutumin nan bai taɓa cin ɗumame ba a rayuwarsa. Ta ƙara wata magana mai tsawo tana nuna maƙogwaronta, na gyaɗa kai kamar na gane.

Ina tashi daga ɗakin wankin otal ƙarfe huɗu. Bas yana sauke ni a ƙofar gida huɗu da minti talatin da biyar. Wanda ke zuwa asibiti yana wucewa biyar saura biyar, in ya wuce ni kuwa sai an kwashe faranti zan isa. Minti ashirin ke nan, har da hawa bene hawa huɗu da sauka. Shinkafar da na sani kuwa, kafin a rege ta, a tafasa, a wanke, a tsane a kwando, a mayar ta turara, an ci minti arba'in.

Daga asibiti na wuce babban kantin da ke kusa da tashar bas. Kanta guda ce tun daga nan har can, duk shinkafa: doguwa, gajera, ja, baƙa, wata a leda, wata a kwali. Na tsaya a gabanta ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Wata tsohuwa mai jera kaya ta zo wucewa da kekenta, na tare ta, na nuna shinkafa, na nuna agogon hannuna, na yi ta kaɗa yatsu alamar sauri. Ta ɗauka tambayar lokacin rufe kanti nake, ta nuna mini yatsu tara. Na sake yi. Ta miƙo mini wata dafaffiya a cikin leda, na shinshina ta baya, ko ba a buɗe ba na san warin roba za ta yi, na mayar. Sai can ta durƙusa a kantar ƙasa ta zaro wani jan kwali mai hoton agogo, an rubuta biyar a tsakiyarsa. Lamba dai ina karantawa. Na ɗauki kwali biyu.

Ranar Talata na shigo da gudu ko mayafi ban cire ba. Na ɗora ruwa, na zazzage shinkafar a roba. Wata iri ce, mara nauyi, duk ta tsattsage kamar ta sha wahala. Na wanke ta sau uku kamar yadda uwata ta koya mini, na zuba a ruwan zafi, ta yi tafasa ɗaya na tace, na sake wankewa, na mayar. Da na buɗe tukunya babu ƙwaya ko ɗaya da za a nuna. Duk ta narke ta haɗe, ta manne a cokali. Na kalle ta, na kalli agogo, na juye ta a kwandon shara. Ba zan kai masa wannan ba. Na tafi hannu rabbana, na zauna kusa da gadonsa awa guda, yana kallon hannuna, ina kallon taga.

Ranar Laraba na rage ruwa, na wanke sau biyu kawai. Ta sake caɓewa, ta bi ta jiya.

Da safiyar Alhamis na tafi da kwalin wurin aiki na nuna wa Yaya. Ba 'yar'uwata ba ce ta jini. A ɗakin wankin na same ta, ta girme ni da shekara goma, ta riga ni zuwa ƙasar da shekara ashirin, kuma in aka cire maigidan ita kaɗai nake Hausa da ita. Muna tsaye gaban injin guga, zannuwan gado suna fitowa da zafinsu muna kamawa biyu-biyu. Ta ɗora tabarau a kan hanci ta juya bayan kwalin.

"Ke ƙanwata, wanke ta kika yi?"

"To da ƙazantarta zan dafa?"

"Har da tacewa?"

"Har da tacewa."

Ta yi dariya har ta saki gefen zanin gado ya ja ƙasa. "Wannan ai dafaffiya ce, sun dafa sun busar. Ke kuma kika bi ta da wanka har uku kamar mai shirin zuwa biki. Ga shi nan sun rubuta da manyan baƙi, kada a wanke. Kofi ɗaya na ruwa, kofi ɗaya nata. Ruwa ya tafasa ki zuba, ki rufe, ki kashe wuta, ki cire hannunki. Minti biyar."

"A kashe wuta?"

"A kashe. Kada ki buɗe, kada ki juya, kada ki yi mata iyayi. Matsalarki kin iya girki da yawa."

Ta ga ban yi dariya ba, sai ta daina. Ta ce, "Ya jikin nasa?" Na ce da sauƙi. Ta kama hannuna ta juya, ta nuna mini wani jan tabo a wuyan hannu, har ya tashi ya yi ruwa. Ashe ƙarfen injin ya ƙona ni, ban ma san yaushe ba. Ta shafa mini man goge baki, ta ce in riƙa kula.

Da yamma na yi yadda ta ce. Zuba shinkafa a tukunya ba wanki ya fi komai yi mini wuya a satin nan, sai da na kau da kai. Na rufe, na kashe wuta, na tsaya da hannuwana a baya ina kallon agogon bango. Da minti biyar ya cika na buɗe. Ga ta nan fara tas, wara-wara, kowace ƙwaya tana zaman kanta. Na murza ɗaya, ta yi daidai. Na sa ɗan mai da gishiri, na juye a kula, na kama bas har da ragowar minti uku.

Yana ganin kular ya kafe ta da ido. Na buɗe, tururi ya tashi, leɓensa na hagu ya motsa. Na ɗebo cokali ke nan nas ta shigo, ta riƙe mini hannu.

"A'a, a'a. Ba wannan ba."

Ta kira wata mai share ɗaki da ta fi ta haƙurin bayani, suka taru a kaina da baki da hannu har na gane. Maƙogwaronsa bai dawo daidai ba. Ƙwaya ɗaya in ta kuskure hanya ta faɗa huhu, sai abin da Allah ya yi. Abin da zai ci dole ya zama mai laushi, wanda ya haɗe, wanda ke manne wa cokali. Ta ɗauki cokalin ta danna shinkafata a gefen kula, ta nuna mini yadda take so ta koma. Wannan ne bayanin da ta yi mini ranar Litinin na gyaɗa kai.

Wato abin da na zubar a shara kwana biyu a jere.

Na rufe kular. Ya bi ta da kallo har na sa ta a jaka, sannan ya juya fuska bango. A bas na buɗe na ci cokali biyu don kada ta lalace, ban ji ɗanɗanon komai ba.

Ranar Juma'a na hau benen ina haki. Na zazzage sauran kwali na biyu a roba, na tara ta a bakin famfo. Na wanke ta sau uku. Na cika mata ruwa, na bar wuta a kunne, na buɗe, na juya, na yi mata duk iyayin da Yaya ta hana. Tana narkewa ina kallo. Shekara ashirin da biyu ina gudun wannan tukunyar, yau ga ni ina dama ta da hannuna. Na zuba ɗan romo da gishiri, na danna da bayan ludayi har ba sauran ƙwaya. Ba ta da kyan gani ko kaɗan.

Da na shiga ɗakin na ga an ajiye wani ƙaramin tire a kan teburin gefen gado, an rufe da farin ƙyalle, bakin robar hancin ya ɗan leƙo. Nas ta duba kulata, ta ɗaga cokali ta kife shi, shinkafar ta ɗan tsaya kafin ta faɗo. Ta ce, "Yawwa." Ta gyara masa zama, ta tsaya a gefe da takarda da biro.

Na kai cokali bakinsa. Ya kalli abin da ke ciki, ya kalle ni. Na ce a raina yanzu zai juya fuska bango, in tattara in tafi, in koyi lambobin bas uku. Sai ya shinshina. Ya buɗe baki kaɗan, ta gefen hagu.

Ya daɗe yana juya ta kafin ya haɗiye. Ni da nas muka bi maƙogwaronsa da ido har ta wuce. Bai yi tari ba. Na ba shi na biyu, rabi ya zubo ta gefen da ya mutu, na kwashe da cokali na mayar. Na uku. Na huɗu. Nas tana ja masa layi a takarda kamar mai ƙirga zannuwa.

A na tara ya ɗaga hannun hagu. Na ɗauka ya ƙoshi ne. Sai ya miƙa yatsu cikin kular, ya ɗan taɓo, ya murza tsakanin babban yatsa da manuniya. Ta manne masa. Ya kalli yatsun, bakinsa ya shiga rawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Wata irin murya ta fito, mai kauri, kamar ta wanda ya tashi daga dogon barci.

"Ta... caɓe."

Biro ya faɗi daga hannun nas. "Ya yi magana! Me ya ce? Sunanki ya kira?"

Na ce, "Ƙorafi yake."

Ba ta gane ba, ta fita da sauri kiran likita, ta haɗa da tiren nan mai farin ƙyalle ta tafi da shi.

Muka rage mu biyu. Na ce, "Na sani, Malam. Da gangan na yi. In ka warke ka zo ka dafa taka." Gefen bakinsa mai rai ya ɗan ɗaga sama. Na goge masa yatsu da bakin mayafina, na ɗebo na goma.

A nan ne na ji wani zafi yana cin wuyan hannuna, sai ka ce yanzu ƙarfen injin ya taɓa ni. Zafi sosai. Idona ya cika, na kasa ganin bakinsa da kyau, na shafa masa shinkafa a haɓa.

Na share da yatsa na ce, "Buɗe bakin mana, tana hucewa."