Tayoyin Aro

Ranar Litinin aka kawo wa Toktosun sababbin tayoyi shida, irin masu ƙusoshin nan da ke kama ƙanƙara. Shekara goma sha tara yana jan motar makarantar ƙauyensu a duwatsun Narin, shekara uku yana roƙon tayoyin nan. Har shafa su ya yi don murna kafin ya ɗaura su a motar. Tsofaffin sun cinye sumul kamar tafin hannu, ga shi kullum sai ya sauko da yara ashirin da uku ta gangaren da ke bakin kogi, inda mota in ta zame ba abin da zai tare ta sai ruwa.

Ranar Laraba masu duba motoci suka zo daga gunduma, su uku, kowa da hular gashi da ƙaton tumbi. Babbansu ya zagaya motar sau ɗaya, ya shuri taya, ya ce madalla. Ko birki bai ce a taka ba. Ya sa hannu a takarda suka shige ofis, inda naman tunkiya da shayi ke jiransu.

A nan shugabar makarantar, Burul, ta jawo Toktosun gefe. Tana magana tana kallon takalminta. Wai in baƙi sun tafi ya kwance tayoyin ya mayar da tsofaffin, don gobe za a duba motar makarantar ƙetaren kogi, jibi kuma ta kan tudu. Sababbin tayoyi shida ne kaɗai a yankin kaf, su ke riga masu dubawa isa ko'ina.

"Wato aro aka ba ni, eje?" in ji shi, da lakabin girmamawa da suke kiran mace da shi.

Ita ma ta kira shi da lakabin girmamawa na maza. "Umarni ne daga sama, baike. Ni ma ba daɗi nake ji ba. Kai dai ka riƙa tafiya a hankali."

"A hankali. Ƙanƙarar za ki gaya wa ko ni?"

Ta juya ta koma wajen baƙinta.

Bara da ƙyar ya tsayar da motar nan a gangaren, ƙafar baya ɗaya a kan iska, yara cike a ciki. Ba wanda ya tambaye shi yadda aka yi. Yanzu kuma ana so ya mayar da tayoyin da suka kusa kashe su, da hannunsa, takarda kuma ta ce lafiya lau.

Bai jira baƙi su tafi ba. Ya gangaro da tsofaffin tayoyin ɗaya bayan ɗaya har gaban tagar ofis, ya jera su yadda makaho ma zai gani. Babban masu dubawa ya ɗago kai da ƙashi a hannu. Ya kalli tayoyin, ya kalli Toktosun, ya miƙa hannu mai maiƙo ya ja labule. Ashe ya sani. Dukkansu sun sani.

Toktosun ya shiga rumfar gyara ya fito da injin yankan ƙarfe. Ƙarar ce ta fito da Burul a guje ba mayafi, hayaƙin roba ya turnuƙe farfajiya. Kafin ta iso ya farke huɗu daga cikin tsofaffin, ya kuma ƙarasa biyun tana tsaye a kansa tana cewa aikinsa zai rasa, ita ma zai ja mata.

Ya kashe injin ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara.

"To, eje, yanzu ba abin mayarwa. Ko a bar min sababbin, ko motar ta kwana a kan bulo har bazara. Korata kuma ki yi, amma duk wanda za ki ɗauka, ba zai sauko da yaran nan a kan waɗannan ba."

Burul ta juya ta dubi tagar ofis. Har yanzu labulen a rufe yake.