Mai Gidan Yana Nan

"Ku sake ni! Na ce babu inda za ni."

Baba Kafinta ya ƙanƙame ƙyauren ƙofarsa da hannu biyu. Mutumin da ko kofin ruwa sai an riƙe masa, yau ga shi ya gagari ƙarti biyu. Kansila, maƙwabcinsa na jikin katanga, yana riƙe da kafaɗa ɗaya, Mai Walda na riƙe da ɗayar, mota kuma tana ta shan mai a banza a bakin kwata.

"Baba, dubi ƙafafunka fa," in ji Auta, 'yarsa. "Likita ya ce ruwa ne ke hawa ƙirjinka."

"Ya hau. In na tafi masu awo suka zo, wa za su tarar? Ke? Sunanki ne a kan gidan?"

Dole aka mayar da shi kan kujerarsa a bakin ƙofa, yana haki kamar ya yi tsere. Kansila ya je ya kashe mota, ya tsaya yana cizon leɓe. Tsohon nan shi ya goya shi yana yaro, kuma tsoro yake ji ƙwarai kada ya mutu a kan wannan kujerar.

Duk jirgi ne ya jawo. Ƙananan hukumomi uku suka haɗu za su shimfiɗa layin dogo na ƙaramin jirgin ƙasa da zai riƙa kai mutane cikin gari. Hanya biyu aka zana, ɗaya ta bayan kasuwa, ɗaya ta tsakiyar titinsu, kuma har yau an kasa zaɓa. Sai magana ta bazu a unguwa cewa duk gidan da masu awo suka tarar babu mai shi, kango za su rubuta, su shafa masa jan fenti. Ba wanda ya san bakin da ta fara fita. Amma shekarun baya, da ake faɗaɗa babban titi, wani mai shago ya tafi jinyar mahaifiyarsa ya dawo ya tarar da fili fetal, kuma Baba ne ya taya shi tsintar katako. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Haka titin ya koma gidan gadi. Magidanta suka daina nisa, mai zuwa aiki sai ya bar wa matarsa waya da gargaɗi, kowace baƙuwar mota ta shigo sai labulaye su motsa. Baba kuwa ya fi kowa, domin Auta mijinta ya rasu, ita da 'ya'yanta ba su da wani rufi sai wannan.

Kansila ya rantse, ya sake rantsewa, cewa ba haka doka take ba.

"To ta ina jirgin zai bi?" in ji Baba.

"Ana kan tattaunawa."

"Ka ji ko? Kana cikin ɗakin taron ma ba ka sani ba, balle ni da ke waje."

Washegari Kansila ya tafi zaman da ake yi kan maganar jirgin, zuciyarsa a wuya. Ɗakin taron sanyi ƙalau, ga taswira an manna a bango, ga robobin ruwa a jere. Shugaban ƙaramar hukuma na farko ya ce in ba a sa babbar tasha a yankinsa ba, ba da shi ba. Na biyu ya ce shi ba zai karɓi garejin gyaran jirage ba, hayaniya ce kawai. Na uku yana ta danna waya. Kansila ya kasa zama wuri ɗaya, ƙafarsa sai kaɗawa take a ƙarƙashin tebur, har dai ya miƙe.

"Ranku ya daɗe, ni tambaya ɗaya gare ni. Ta bayan kasuwa ko ta titinmu? Akwai mutumin da ya ƙi zuwa asibiti saboda amsar nan."

Aka ɗan yi dariya, wai ko raha yake. Mai jagorantar zaman ya gyara tabarau.

"Allah ya ba shi lafiya, Kansila. Amma ba a kan wannan gaɓar muke ba yau."

Aka ɗage zuwa mako mai zuwa. Taron tsintsiya ke nan, ba shara.

A baranda ya tare Injiniya, matar da ta zana hanyoyin biyu, ya zayyana mata komai. Ta riƙe baki.

"Wa ya gaya musu haka? Ko ta titinku aka bi, takardun gida ake dubawa, ba fuskar mai gida ba."

"Don Allah ki zo ki faɗa masa da bakinki. Ni na zama ɗan gida, maganata ba ta da nauyi."

Ta ce za ta zo, ta kuwa cika alkawari. Da yamma ta zo kai tsaye daga wurin aiki, cikin farar motar ofis, da hular kwano da riga mai ɗaukar ido. Kansila bai yi tunanin rigar ba sai da ya ji wata mata ta ƙwalla kira daga bakin titi: "Sun zo! Masu awo sun zo!"

Kafin ka ce kwabo kowa ya tsaya a ƙofarsa. Mai Walda ya yar da ƙarfen da yake ɗinkewa ya ruga gida, wani ya fito da kumfar sabulu a kunne. Baba, wanda ranar ko tashi bai iya yi ba, ya sa Auta ta zura masa rigarsa ta fita kunya, ya dafa bango ya fito da ƙafarsa. Ya zauna ƙyam, gumi na tsattsafo masa a goshi.

Injiniya ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani dalla-dalla: ba awo ta zo yi ba, ba a ma zaɓi hanya ba, ya tafi asibiti hankali kwance.

"Madalla, 'yar nan. Allah ya yi albarka," in ji Baba. "Kin dai gan ni ko? Ni ne mai gidan. Ni na kafa ƙyauren nan da hannuna."

"Na gan ka, Baba."

Motarta na juyawa ya dubi Kansila, idonsa na ƙyalli da nasara.

"Ka gani? Da na bi ta taka, da wa za ta tarar? Wannan leƙen asiri ta zo yi, manyan na tafe."

Kansila ya ji kamar ya fasa ihu. Garin neman gira ya rasa ido, kuma da kansa ya je ya ɗauko ta. Kwanakin da suka biyo baya bai san inda ya sa kansa ba. Ya shiga gidan Baba ya fita, ya kira wannan shugaba ya kira wancan, wayar na ƙara har ta gaji. Ta jikin katanga yana jin tarin tsohon, kowanne ya fi na baya nauyi.

Ranar zama na gaba, ranar da aka ce lallai za a zaɓi hanya, Kansila ya fito da shirin tafiya sai Auta ta tare shi ba ko takalmi.

"Yaya, yana kiranka."

Baba yana kan kujerar, leɓunansa sun yi duhu, magana sai da hutu a tsakani.

"Ɗan nan... na gaji. Zan je."

"Alhamdulillahi! Bari in kawo mota."

"A'a." Ya kama masa hannun riga. "Mai Walda ya tuƙa. Kai ka zauna nan. Kai hukuma ne, ba za su shafa fenti a gabanka ba. In sun tambaya... ka ce na ɗan zaga ne."

Kansila ya dubi agogonsa. Unguwar nan kaf ba ta da wani baki a ɗakin taron sai nasa, in bai je ba wa zai ce uffan a kan titinsu? Ya dubi ƙafafun tsohon da suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ya ciro makulli ya miƙa wa Mai Walda.

Aka ɗauki Baba cak aka sa a baya, kansa a cinyar Auta. Har motar ta sha kwana yana ɗaga wuya yana leƙen ƙofa, sai da ya ga Kansila ya zauna.

Zaman bai zaunu ba. Ya miƙe, ya zauna, ya taka zuwa bakin kwata ya dawo da sauri kamar an kama shi yana laifi. Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu, abokan aikinsa ne daga ɗakin taro, bai ɗauka ba. Masu wucewa suna gaishe shi da mamaki, wata tsohuwa har tana cewa, "Yau Kansila ne da gadi?" Ya yi mata murmushin yaƙe, idonsa na kan kwanar titi.

Rana ba ta yi wani nisa ba ya hango motarsa ta dawo. A hankali take tafe, Mai Walda yana kauce wa kowane rami, shi da bai taɓa raga wa rami ba. Auta na baya, ta sunkuyar da kai, mayafinta ba ya kanta, ta lulluɓe wanda ke kwance a cinyarta da shi har fuska.

Ɗaya bayan ɗaya maƙwabta suka baro ƙofofinsu, suka biyo motar a ƙafa, ba wanda ya waiwayi gidansa. Kansila ya miƙe, hawaye na zuba bai share ba. Ya ɗauke kujerar daga hanya ya jingine ta da bango, sannan ya buɗe ƙyamaren ƙofar duka biyu.