Akuyar da Malam Umara Ya Zana

Chukwuemeka ya ɗaga takardar zanen, ya kara ta da hasken ƙofar shagonsa, ya daɗe yana dubawa. Injin buga littattafai na ta ƙara a bayansa.

"Baba, kada ranka ya ɓaci," in ji shi, da Hausar wanda ya shekara ashirin a Azare. "Layukan nan duk sun karkace. In na buga haka, za a ce injina ne ya lalace."

Malam Umara ya dubi zanen nasa. Shekara talatin ya yi yana zane a jikin manyan motoci a tasha: zakuna, dawisu, jiragen sama. Direbobi daga Misau da Potiskum sukan yi kwana biyu suna jiran layi ya zo kansu. Daga baya hannunsa ya fara rawa, masu kwamfuta kuma suka shigo da hotunan mannawa, sai ya rufe gwangwanayen fentinsa ya koma gida. 'Yarsa Hadiza, malamar firamare, ita ta sa ya sake riƙe buroshi. Ta rubuta littafin yara a kan wata 'yar akuya da ta ɓace ranar kasuwa, ta ce ba mai yi mata hotuna sai shi. Wata huɗu ya yi a kan shafi goma sha biyu.

Chukwuemeka ya juyo musu da fuskar kwamfuta. Ga wata farar akuya sumul, a tsaye kan koriyar ciyawa.

"Malama, ranar Litinin kwamiti zai zaɓi littattafan da za a raba wa makarantu. Irin wannan suke so. Kafin la'asar na gama miki duka."

"Ɗauki nasa, Hadiza," in ji Malam Umara, idonsa a ƙasa. "Sunanki ne a jikin littafin. Kada tsufana ya ja miki asara."

Hadiza ta tattara zanen mahaifinta ta rungume.

"Baba, ba kwamiti na rubuta wa ba. Oga Emeka, fitar min da naka guda ɗaya. Mu je a tambayi masu littafin."

Chukwuemeka ya yi dariya, amma ya kashe injin. Shi ya goya tsohon a babur ɗinsa, Hadiza ta hau acaɓa.

A makarantar da Hadiza ke koyarwa, 'yan aji biyu sun fi sittin, wasu a benci, wasu a ƙasa. Hadiza ta fara nuna musu farar akuyar. Suka ce tana da kyau, suka yi shiru. Sai ta karanta labarin tana ɗaga zanen mahaifinta shafi bayan shafi. Tun a na biyu ajin ya kaure.

"Layin masu tattasai ne!"

"Ga mai raken bakin tasha! Har da hularsa!"

Malam Umara na tsaye a jikin ƙofa, yana jiran wanda zai yi dariyar layukan. Da aka kai shafin da akuyar ta tsinci kanta ita kaɗai a tsakanin ƙafafun mutane, wata yarinya mai suna Kellu ta miƙe.

"Malama, tsoro take ji. Dubi yadda jikinta ke rawa."

Sauran suka matso suna leƙe, suka ce wallahi haka ne. Tsohon ya zuba wa takardar ido. Shafin nan sau bakwai ya sake shi, yana danne wuyan hannunsa da ɗaya hannun, har ya gaji ya bar shi.

A shafi na ƙarshe akuyar ta koma gida gun uwarta. Kellu ta sake ɗaga hannu.

"To ai ta dawo. Me ya sa har yanzu take rawa?"

Hadiza ta nuna ƙofa. "Ga wanda ya zana ta nan. Mahaifina ne. Tambaye shi."

Duk suka juyo. Malam Umara ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya.

"Kin taɓa ɓata, 'yata?"

"Sau ɗaya, a gidan biki."

"Da kika ga babarki, nan take kika daina kuka?"

Kellu ta yi tunani. "A'a. Sai ma na ƙara."

"To, ita ma haka."

Yarinyar ta gyaɗa kai ta zauna, ta gamsu.

A waje Chukwuemeka na ta sosa ƙeya. "Baba, na yarda. Amma ko bangon littafin ka bari na ɗan miƙe layukan."

"Ko guda kada ka taɓa," in ji Malam Umara. Ya juya ga 'yarsa. "Akwai wani bayan wannan?"

"Akwai, Baba. Na jaki ne, ban ma gama shi ba."

"Jaki ba ya zanuwa da ka. Sai na je kara, kasuwar dabbobi, na zauna cikin jakuna kwana biyu." Ya kama kafaɗar Chukwuemeka ya hau babur ɗin. "Biya da ni ta wajen masu fenti. Shuɗina ya bushe."